Ciwon Hanta a Borno: Yaran da Allura Ta Wuce Suna Aji da Tsangaya

Da yawa daga cikin masu ɗauke da ƙwayar ciwon hanta a Maiduguri ba ciwo ne ya kai su ga sanin haka ba. Mutum ne zai je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko Asibitin Ƙwararru na jiha da ƙafarsa, garau da shi, don ya ba matarsa mai jego jini, ko ƙanensa da mota ta buge. A ɗebi ɗan kaɗan a kai gwaji, ya zauna kan benci yana jira. Can sai ma'aikacin ɗakin gwajin ya ja shi gefe, ya sassauta murya, ya ba shi haƙuri, ya ce nasa jinin ba zai ɗauku ba, ya daure ya ga likita. Wani kuma a gwajin aure maganar ke fitowa, bayan an kai kuɗi har an sa rana. Wata a wurin awon ciki. Wani wajen neman aikin ɗamara. Abin da ke fara fitowa daga bakinsu kusan ɗaya ne: ai ni lafiyata ƙalau.

Ba ƙarya suka yi ba, iyakar abin da suke ji a jikinsu ke nan. Ciwon hanta nau'in B yakan shiga mutum tun yana goye, ya zauna shiru shekara ashirin ko talatin, yana cin hanta yadda gara ke cin azara, waje lafiya lau, ciki kuwa ya zama gari. Ranar da zai nuna kansa, ciki ya cika da ruwa, ƙafafu sun haye, ido ya yi ɗorawa, wani lokaci har da aman jini, to sau da yawa aikin gama ya riga ya gama. Ko dai hantar ta taurare ta ƙanƙance, ko kuma daji ya kama ta. Likitocin Afirka ta Yamma sun daɗe da lura cewa dajin hanta a wannan yanki ba ya jiran tsufa. Magidanta yake ɗauka, masu shekara talatin da wani abu zuwa arba'in da wani abu, daidai lokacin da gida kacokan ya rataya a wuyansu.

A bakin jama'a, duk wanda idonsa ya yi rawaya shawara ce ta kama shi, sai a nemo saiwa da sassaƙe a jiƙa masa. Shawara kuwa alama ce, cututtuka da dama ne ke kawo ta. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani na kawo ta, sikila na kawo ta, haka ma ciwon hanta nau'in A da na E waɗanda ake sha a gurɓataccen ruwa. Mutanen Borno sun ga na E a 2017, lokacin da ya ɓarke a Ngala da Damasak, ya fi yi wa masu juna biyu illa. Irin waɗannan sukan zo da hayaniya su wuce. Na B kuwa ta jini yake bi, da saduwa, da haihuwa, kuma a jikin ƙaramin yaro yawanci ko ɗigon rawaya ba ya sa wa a ido.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da shi a duniya, miliyan 65 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma a wannan shekarar kaɗai ya yi ajalin kimanin mutum miliyan 1.1. A Najeriya, babban binciken gida-gida da aka yi a 2018 don auna yaɗuwar ƙanjamau ya haɗa da gwajin hanta, ya kuma gano cewa kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B. Idan aka kwatanta, a sahun salla mai mutum goma sha biyu ko sha uku akwai guda. Binciken nan dai ya samu ƙanjamau a kashi 1.4 cikin ɗari, wato ciwon hanta ya ninka ta fiye da sau biyar. Amma duk wanda ya saurari rediyo ko ya dubi allunan faɗakarwa a bakin titi cikin shekara ashirin da suka wuce ya san wadda aka fi yi wa shela a cikinsu.

Abin da ya sa maganar wannan cuta ta zama maganar yara shi ne yadda take bambanta babba da yaro. Idan babba ya kamu, jikinsa yakan yi kokawa da ƙwayar ya kore ta. A cikin ɗari, waɗanda take zame wa zaunanniya ba su kai biyar ba. Jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa ko cikin shekararsa ta farko kuwa, tara cikin goma da ita za su rayu. Tsakanin shekara ɗaya zuwa biyar, kusan ɗaya cikin uku. Waɗanda ta zaunar tun yarinta, kimanin ɗaya cikin huɗu ita ce ke zama ajalinsu idan ba su sami kulawa ba.

Ƙwayar kuma tana da naci. Tana iya kwana bakwai a busasshen jinin da ido ba ya gani, a bakin aska ko reza, ba ta mutu ba. Sai a dubi tasowar yaro a ƙauyukan Konduga ko Mafa ko Magumeri, ko ma a nan Gwange da Bulumkutu. Kafin ya cika mako wanzami ya zo cire belu. Ranar suna a yi masa aski, a wasu gidajen har da tsagar gado. 'Ya mace a huda mata kunne. Da ya tasa, sanyi ya shigo, a tara su goma ko ashirin a yi musu kaciya rana guda. Ga sakiya, ga ƙaho, ga mai yankan farce da ke bin rumfunan kasuwa da almakashi guda tun safe har yamma, ga allurar da ake yi a kyamis ba a san inda sirinjin ya kwana ba, ga gyambo da ƙazuwa da yara ke gogar juna da su a tabarma ɗaya. Binciken da aka yi a Gambiya tun farkon shekarun 1980 ya nuna cewa a wannan yanki namu yara da yawa daga yayyensu da abokan wasansu suke ɗauka.

Ba zargin wanzami ake yi ba. Sana'arsa ta gado ce mai mutunci, kuma da yawansu yau a gaban mai gida suke ɓare sabuwar reza. Hanyoyin da jini ke haɗuwa da jini a rayuwar yaro ne suka fi ƙarfin a ce za a bi su ɗaya bayan ɗaya a toshe. A gefe guda kuma, akwai tsoron da ba shi da tushe. Ba a ɗaukar ciwon nan ta gumi, ko musabaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko cizon sauro, ko nonon uwa. Akwai bayin Allah da dama da aka ware wa kofi da cokali a gidajensu a banza. Abin da ya fi cancanta a ji tsoro a ɗakin girki shi ne gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu, domin gubar da ke cikinsu, aflatoksin, idan ta haɗu da wannan ƙwaya a hanta guda, haɗarin daji yakan ninka.

Allurar rigakafinsa ba sabuwa ba ce. Wani likita ɗan Amurka, Baruch Blumberg, shi ya gano alamar ƙwayar a jini a 1965, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce ake tunawa da ciwon hanta a duniya duk shekara. An amince da allurar farko a Amurka a 1981. Daga 1986 aka koma haɗa ta da yis, irin wanda ake kwaɓa burodi da shi, babu jinin kowa a ciki, babu kuma ƙwaya mai rai. Wanda ya karɓe ta sau uku, kariyar da yake samu ta haura kashi 95 cikin ɗari, tana kuma kai shekara ashirin ko fiye.

Taiwan ce ta fara gwada ta a kan ƙasa baki ɗaya, daga 1984. A lokacin, kusan yaro ɗaya cikin goma a birnin Taipei yana ɗauke da ƙwayar. Zuwa 1999 adadin ya faɗi ƙasa da ɗaya cikin ɗari, dajin hanta a tsakanin yara ma ya ragu ƙwarai. Gambiya ta fara nata a 1986. A 1992 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi kowace ƙasa ta sa allurar cikin rigakafin yara. Najeriya sai a 2004 ta fara bayarwa, sannan daga 2012 ta shigo da Penta, wadda ta haɗa kariya daga cututtuka biyar a kwalba guda: mashaƙo, da tarin shiƙa, da sarƙe-haƙora, da wata ƙwaya mai kawo sanƙarau da ciwon huhu, da ciwon hanta nau'in B. Ita ce iyaye mata ke kira allurar cinya, mai sa yaro zazzaɓin kwana ɗaya da rigima cikin dare, har wasu mazan su ce kada a sake kai musu ɗa. Tsarin shi ne a yi wa jariri ta hanta zalla cikin awa 24 da haihuwa, sannan Penta a mako shida, da mako goma, da mako goma sha huɗu. Duk kyauta.

Yanzu a ɗora waɗannan shekaru a kan tarihin Borno.

Rikici ya ɓarke a Maiduguri a watan Yulin 2009. Lokacin da Penta ke shigowa ƙasar, ƙauyukan jihar ana watsewa ne. Gwoza ta faɗa hannun 'yan Boko Haram a watan Agustan 2014, Bama a Satumba. A watan Disambar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sakamakon ƙidayar da aka yi wa cibiyoyin lafiya 743 na jihar: kashi 35 cikin ɗari an rushe su ƙurmus, kashi 29 sun lalace. Jaririn da aka haifa a wani ƙauyen Bama a 2014, a guje aka goya shi. Babu asibiti, babu malamin asibiti, balle katin rigakafi. A watan Agustan 2016 aka sake ganin shan inna a Gwoza da Jere bayan Najeriya ta shekara biyu ba ta ga ko ɗaya ba, abin da ya tabbatar da cewa akwai yankunan da suka yi shekaru ba mai rigakafin da ya taka su.

Shan inna ya sami masu bin sa. An haɗa ayarin ma'aikata da rakiyar soja da 'yan kato da gora, ana shiga garuruwan da aka ƙwato, ana tare hanyoyi da tashoshin mota da ƙofofin sansanoni, har aka kai ranar 25 ga Agusta, 2020 da aka ayyana cewa Afirka ta rabu da shan innar daji. Borno ce ta rufe wannan babi, kuma abin alfahari ne. Sai dai ɗigon shan inna a baki ake ɗiga shi, kowa zai iya koya cikin yini guda. Penta allura ce, sai wanda ya koyi aikin, kuma sai an ga yaro sau uku. Dubban yaran da aka ɗiga wa na shan inna sau goma ba a taɓa tsira musu ta cinya ba.

Mashaƙo ne ya tona wannan asiri. Daga ƙarshen 2022 ya ɓarke a Kano, ya bazu zuwa Yobe da Katsina da Bauchi da Borno, ya zama annobar mashaƙo mafi girma da ƙasar ta gani cikin shekaru masu yawa. Akasarin waɗanda ya kama yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma mafi yawansu ba su da cikakken rigakafi. To kariyar mashaƙo da ta hanta a kwalba ɗaya suke. Duk yaron da aka kwantar a Maiduguri maƙogwaronsa ya toshe don bai sami Penta ba, hantarsa ma a buɗe take. Da aka tashi kai ɗauki, manyan yara allurar mashaƙo da sarƙe-haƙora aka yi musu, wadda babu ta hanta a cikinta. An kashe wutar da ake gani, wadda ke ci a ƙarƙashin toka tana nan. Alƙaluman UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarun nan sun nuna Najeriya na da yara fiye da miliyan biyu da ba su sami ko Penta ta farko ba, kuma arewa ce ke ɗauke da kaso mafi tsoka.

Yaron Bama na 2014 yanzu ya haura shekara goma. Tsarin rigakafin yau da kullum an gina shi ne a kan jarirai da ƙananan yara, shi ya riga ya fita daga lissafinsa. Idan ubansa na so a yi masa ta hanta, sai ya nemi inda ake sayarwa ya biya, sau uku, ga kuɗin mota. Tun 2021 gwamnatin Farfesa Babagana Umara Zulum ta shiga rufe sansanonin 'yan gudun hijira na cikin Maiduguri, irin su Bakassi da Teachers' Village da Dalori, jama'a suka koma Bama da Gwoza da Monguno da Auno, wasu suka ɓace cikin unguwanni. Wurin da ya rage da ake iya samun yaran nan a tare, da sunayensu a rubuce, kowace safiya, shi ne makaranta.

Wasu ƙasashen sun bi ta nan. Italiya tun 1991 ta haɗa jarirai da 'yan shekara 12 a lokaci guda, don ta cike gurbi cikin shekara goma sha biyu maimakon ta jira jarirai su girma. Lardin British Columbia na Kanada ya fara yi wa 'yan aji shida a makarantunsu a 1992. Amma misalin da ya fi kama da namu shi ne na lardin Qinghai a yammacin Sin, ƙasar tuddai da makiyaya da talauci, inda asibiti ke da nisa kuma yara da yawa suka tashi babu rigakafi. Tsakanin 2006 da 2008, Cibiyar Hanta ta Asiya da ke Jami'ar Stanford, ƙarƙashin Dokta Samuel So, ta haɗa kai da hukumomin lafiya da na ilimi na lardin, aka yi wa yara fiye da rabin miliyan allurar kyauta a makarantunsu. Ma'aikatan lafiyar karkara ne suka yi allurar, malaman aji kuma suka koyar da yaran yadda cutar take. A 2009 gwamnatin Sin ta faɗaɗa abin zuwa duk ƙasar, ga 'yan ƙasa da shekara 15.

A Borno, waɗanda wannan aiki zai hau kansu ba likitocin asibitin koyarwa ba ne. Ma'aikatan lafiyar al'umma ne, waɗanda takardun gwamnati ke kira CHEW, mutanen ƙauye kuwa likita kawai suke ce musu. Sukan yi shekara biyu ko uku a kwalejin fasahar lafiya, irin wadda ke Maiduguri, kuma a yawancin asibitocin sha-ka-tafi su ne likita, su ne nas, su ne mai ba da magani, wani lokaci har ungozoma. Su ke yin Penta duk mako. Allurar hanta ga ɗan shekara goma ba wani sabon ilimi take nema a wurinsu ba. A dantse ake yin ta maimakon cinya. A bayansu akwai matan unguwa da UNICEF ta horar lokacin yaƙi da shan inna, masu shiga gida-gida suna ƙirga jarirai da masu ciki, da kuma ma'aikatan shirin lafiyar unguwanni na CHIPS da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018. Waɗannan matan sun san gidan da maigida ke da taurin kai, sun san wanda sai an bi ta wajen uwarsa. A samansu kuma akwai bulama da lawan da hakimi, har zuwa fadar Shehu. Marigayi Shehun Bama, Alhaji Kyari Ibn Umar El-Kanemi, ya shugabanci kwamitin sarakunan arewa kan lafiya a matakin farko, don haka sarautar Borno ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Ya kamata kuma a riƙa tuna abin da aikin ke ci: ungozomomi biyu da aka sace a Rann a watan Maris na 2018 ba su dawo da rai ba.

An ma riga an gwada shiga aji da allura. A watan Oktoban 2023 Najeriya ta fara rigakafin sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, Borno ta shiga a zagaye na biyu a watan Mayun 2024, kuma makarantu na cikin manyan wuraren da aka yi amfani da su. An sha jita-jita, an ce ta hana haihuwa ce, amma miliyoyin 'yan mata sun karɓa a faɗin ƙasar. Maganin tsutsar ciki da na tsargiya ma an daɗe ana raba su ta hannun malaman makaranta.

Sai dai da sauran rina a kaba. Ta bakin mahaifa sau ɗaya ake yi, a sallami yarinya. Ta hanta sau uku ce: yau, bayan wata guda, sannan bayan wata shida da ta farko. Duk wanda ya taɓa aikin rigakafi ya san ta farko ba ta da wuya. Ta uku ce ke nuna ko an yi aiki ko an yi biki, domin kafin lokacinta an daina kiran 'yan jarida, kuɗin man babur ya ƙare, yaro ya canja makaranta.

Ga kuma sanyi. Allurar tana son zama tsakanin digiri 2 zuwa 8, a garin da zafin Afrilu ke haura 40, garin da ya yi watanni babu wutar lantarki a 2021 bayan an tayar da turakun hanyar Damaturu, garin da ambaliyar madatsar Alau ta 10 ga Satumba, 2024 ta shiga har asibitin koyarwa. Firij mai aiki da hasken rana ya rage wannan matsala a cibiyoyi da yawa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne allurar hanta ta fi jure zafi a kan daskarewa. Idan ma'aikaci, don gudun zafin hanya, ya jera kwalaben jikin ƙanƙarar da ya ciro daga firiza yanzu-yanzu, to suna iya daskarewa su lalace, ya isa ƙauye ya yi wa yara ɗari allurar da ba ta da amfani, shi bai sani ba, su ba su sani ba. Shi ya sa ake koya musu su bar ƙanƙarar ta fara narkewa kafin a shirya akwati. Kuɗin allurar kanta ba shi ne nauyin ba, domin farashin da UNICEF ke sayen ta bai kai dala ɗaya ba kowace guda. Isar da ita ne ke cin kuɗi.

Babbar tambayar kuwa ita ce wace makaranta ake nufi. A 2017 UNICEF ta ce fiye da rabin makarantun Borno a rufe suke, an kashe malamai fiye da 2,200 a arewa maso gabas, an rushe makarantu kusan 1,400. An sake gina da yawa tun daga lokacin, har da manyan makarantun marayu da ake gani a cikin Maiduguri. Amma Borno ita ce gabas, inda tun zamanin kakanni ake turo yara daga Kano da Katsina da Damagaram neman karatun Alƙur'ani. Shirin da ya tsaya a makarantun boko kawai zai tsallake yaran da suka fi kowa buƙata: almajirai, masu kwana jiki da jiki, masu aski da reza guda, waɗanda aka rabo da katin asibitinsu, in ma sun taɓa samun sa. Jihar tana da hukumar kula da makarantun Larabci da tsangayu, to ta nan ƙofar take. Haka Islamiyyun yamma da na dare, inda ake samun 'yan matan da ba sa zuwa boko. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu, a ƙauyuka da yawa, saura mata shekaru kaɗan ta zama uwa. Idan aka kare ta yau, an kare jaririn da za ta haifa daga hanyar kamuwa mafi muni.

A tsangaya, Goni ko Alaramma shi ne uba, kuma ba a shigar masa da akwatin allura bagatatan. Sai an je an zauna, an gaisa, an yi masa bayani dalla-dalla, an amsa tambayoyinsa ba tare da raini ba. Shakkun da mutanen arewa ke yi wa allura ba daga sama ya faɗo ba: akwai gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996, akwai kuma dakatar da rigakafin shan inna na 2003 zuwa 2004 da ya bar tabo. Ciwon hanta yana da wata dama da shan inna bai samu ba. Da wuya a sami zuri'ar da ba ta binne wani da kumburin ciki ba, kuma idan aka gaya wa dattijo cewa wannan allura tana hana abin da ya ɗauke ƙanensa, yakan saurara.

Akwai abin da dole a faɗa wa iyaye da gaskiya tun farko. Allurar ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu. Ba ta cutar da shi, amma ba ta ƙara masa komai, kuma a cikin kowane aji za a sami irin waɗannan yara. Gwajin ɗigon jini daga yatsa yana nuna su cikin mintoci. Amma yin sa a gaban aji, inda kafin a tashi kowa ya san sakamakon kowa, zalunci ne. Sin ta ɗanɗana wannan: an yi ta korar masu ɗauke da ƙwayar daga makarantu da wuraren aiki har sai da gwamnati ta haramta gwajin wajen ɗaukar ɗalibai da ma'aikata a 2010. Gwaji wurinsa asibiti, tare da uba ko uwa, cikin sirri. Wanda aka samu da ita ba a yanke masa ƙauna. Akwai magunguna irin su tenofobir da entekabir, ƙwaya ɗaya a rana, masu danne cutar su kare hanta, ko da yake ba sa fitar da ita gaba ɗaya, kuma likita ne ke tantance wanda ke buƙatar su. Masu lasifika a tashoshin mota da ke alkawarin wanke hanta cikin mako biyu, sau da yawa jiƙonsu hantar yake ƙara wa aiki.

Kada kuma hayaniyar makaranta ta sa a manta da ɗakin haihuwa, domin can ne asalin fagen. Allurar ɗan shekara goma cike gurbi ce. Wadda ke karya cutar ita ce ta ranar farko. A yankin Afirka jarirai 18 ne kacal cikin ɗari suka same ta a 2022. Binciken lafiyar iyali na 2018 ya nuna haihuwa 39 cikin ɗari ce ake yi a asibiti a Najeriya, a arewa maso gabas kuwa kusan ɗaya cikin huɗu. Mai jego ba ta fita kafin suna, wasu sai an yi arba'in, allurar kuma awa 24 take so. Ke nan a gidaje da yawa aska ce ke riga allura isa jikin jariri. A Sakkwato an taɓa gwada wata dabara mai kyau: aka horar da wanzamai su riƙa tura iyayen jarirai wurin rigakafi, tunda su ne maza na farko daga waje da ke jin labarin haihuwa. Ungozomar gargajiya ma ta riga kowa sani. Kira ɗaya daga wayarta ya isa ya sa malamin asibiti ya hau babur da akwatinsa kafin rana ta faɗi.

Idan aka koma ga manyan yara, lissafin watanni shi zai raba gardama. Shekarar karatun boko tana farawa a Satumba. Allurar farko a Oktoba, ta biyu a Nuwamba, ta uku a Afrilu ko Mayu, duk sun shiga shekara guda kafin dogon hutu, kuma gara a kama 'yan aji biyar da a jira 'yan aji shida da za su watse a Yuli. Tsangaya nata kalandar daban ce, ta damina da rani. Malamai da yawa bayan kaka suke shigowa gari da almajiransu, da ruwan farko kuma su koma gona, don haka wanda bai fara da su a Nuwamba ko Disamba ba zai neme su a ta uku ya tarar da rumfa babu kowa. Sauƙin da allurar ke da shi shi ne, idan an makara ba a komawa farko. Almajirin da ya karɓi biyu a Maiduguri ya koma Gubio ko Damboa zai iya karɓar ta ukun a can, ko bayan shekara ce, muddin katinsa na nan a cikin gafaka.